Yadda muka bi malam buɗe littafi daga Santa Cruz har Pismo

Duk shekara daga wajen tsakiyar Oktoba akwai wani irin malam buɗe littafi da ake ce wa monak, mai fukafukai ruwan goro da zanen baƙi da ɗige-ɗigen fari a baki-baki, da yake fara sauka a gaɓar tekun Kalifoniya, dubbai a tare, su zo su maƙale a wasu 'yan tsirarun kurmi su yi zamansu har sanyi ya sassauta wajen Fabrairu sannan su watse. Mu da muke zaune a San Jose wajen ba shi da nisa da mu ko kaɗan, amma sai a 2022 Allah ya yi muka je, lokacin Umma ta zo mana daga Kano, zaman gida ya ishe ta, kullum tana bakin taga tana cewa ita garin nan bata ga mutanensa ba. Shine oga yace tunda ga hutun Thanksgiving ya zo, wanda suke yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, mu ɗauke ta mu zaga da ita bakin ruwa. Ni na kawo maganar malam buɗe littafin. Umma ta juyo ta kalle ni tace, yanzu ke saboda Allah man mota za a ƙona a je kallon ƙwaro? Nace Umma ki dai bari mu je.

Shirin da ya fi komai muhimmanci a tafiyar nan shine lokaci, wata da kuma awa. Watan da suka fi cika shine tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba. Awa kuma ya danganta da sanyi, dan in ma'auni ya yi ƙasa da digiri 13 ba sa iya tashi, jikinsu sai ya sha rana ya yi ɗumi tukuna. To in ka zo da sassafe za ka same su a cure a reshe ba mai motsi, in ka zo da azahar rana ta buɗe za ka same su suna ta shawagi amma curin ya ragu, wanda yake son ya ga duka biyun dole ya zo da safe ya tsaya har hantsi ya yi sosai. Haka muka tsara. Na duba hasashen yanayi a waya, na ɗauko madubin hangen nesa da muka aro wajen maƙwabta, jaket da hula ga kowa, filas ɗin shayi mai citta da kanumfari, kula cike da dafa-duka, da dambun naman da Umma ta taho da shi wanda take ta rowarsa.

Zangon farko Santa Cruz. Daga San Jose babbar hanya mai lamba 17 ake bi ta kan duwatsu, kwana kan kwana, wanda mota ke juya wa kai ya sha magani tun a gida, yarona na biyu tun ba mu yi nisa ba ya yi tsit ya jingina da kakarsa, tana ta tsokanarsa wai maigida ragon maza. Wajen sunansa Natural Bridges, bakin teku ne na gwamnatin jiha, sunan ya samo asali daga wasu duwatsu da ruwa ya huda suka zama kaman gada, da guda 3 ne yanzu ɗaya ta rage a tsaye cikin ruwa tsuntsaye sun mai da ita gida. In za ka shiga da mota ana biyan dala 10 na fakin, wasu kuma a titin baya suke ajiyewa su tako da ƙafa. Mu saboda gwiwar Umma muka biya muka shiga.

Daga ɗan ofishin baƙi akwai hanyar katako da aka shimfiɗa tana gangarawa a hankali cikin wani kwari, har keken guragu yana iya bi, tana ƙarewa a wani dandamali da benci. Muna fara gangarawa Umma ta tsaya ta shaƙi iska tace, wannan ai turare ne. Ta sunkuya ta ɗauki ganye ɗaya ta murza a yatsa ta kai hanci. Kuma gaskiyarta, bishiyar turare ce irin wadda ake dasawa a jere a wajenmu dan tare iska, sai dai ta nan ta fi tsawo da kauri nesa ba kusa ba, ɓawonta yana saɓulewa dogo-dogo yana zuba ƙasa. Asalinta daga Ostareliya ne, a ƙarni na 19 aka kawo ta Kalifoniya aka yi ta dasawa, to ita ce yanzu mafi yawan malam buɗe littafin suke sauka a kai.

Muka isa dandamalin, mutane 'yan kaɗan kowa ya ɗaga kai sama yana magana ƙasa-ƙasa. Na ɗaga nawa kan nima. Ba abinda na gani sai reshe da busassun ganye suna reto. Yara suka fara, Mama ina suke? Oga yana ta juya madubi. Wata dattijuwa cikin 'yan sa kai da suke kula da wajen, sanye da 'yar riga mai tambari, ta yafito mu zuwa wajen wata na'urar hangen nesa mai ƙafa uku da ta riga ta saita, tace kar a taɓa, ido kawai za a sa. Na fara sa wa. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Busassun ganyen nan da nake ta kallo tun ɗazu ashe duk su ne, sun rufe fukafukai, bayan fiffiken kuma launinsa a dushe yake kaman ƙasa-ƙasa, kowanne ya riƙe reshe ko ya riƙe na kusa da shi, wani kan wani a jere fiffike ya rufe fiffike, curin ya sauko dogo har reshen ya ɗan ranƙwafa dan nauyi, alhali kowanne ɗaya wajen rabin giram ne kawai. A cikin na'urar har 'yan ƙafafunsu baƙaƙe kana gani, da ɗigon farin da ke jikinsu, can sai ɗaya ya ɗan buɗe fiffike a hankali ruwan goron ya haska ya sake rufewa.

Umma ta karɓa, ta gyara mayafi, ta rufe ido ɗaya. Ta daɗe a sunkuye har na fara tunanin bayanta. Da ta ɗago abinda tace kawai shine, ikon Allah. Ta koma ta sake leƙawa.

Daga nan sai jira. Muka zauna a benci aka zuba shayi, sanyi yana ratsa jaket, wuyana ya fara ciwo dan ɗaga kai, wannan kam ba wanda zai tsira daga gare shi, in kana da abin shimfiɗa ma gara ka kishingiɗa inda aka yarda. Dattijuwar nan ta zo ta tsaya da mu tana bayani ina fassara wa Umma. Tace waɗannan na yamma ne, daga yankunan da suke yammacin duwatsun Roki suke tahowa, irinsu Idaho, Nebada, Oregon, Washinton da cikin Kalifoniyar kanta. Na gabas, waɗanda suka fi yawa sosai, su can tsaunukan tsakiyar Meksiko suke tafiya, wasu tun daga Kanada, kusan kilomita 4,000, kuma masu bincike ba su gano inda suke sauka ba sai a Janairun 1975, bayan wani malamin jami'a a Kanada, Fred Urquhart, shi da matarsa sun yi shekara da shekaru suna liƙa musu 'yan takardu a fiffike, duk da dai mutanen ƙauyukan wajen sun san da su tun kaka da kakanni.

Abinda ya fi tsaya min a rai cikin bayanin shine, duk cikin waɗanda muke kallo ba ko ɗaya da ya taɓa zuwa kurmin nan. Waɗanda suka kwana a nan bara sun tashi a Fabrairu, sun yi ƙwai can nesa da gaɓar teku sun mutu, 'ya'yansu suka ƙara gaba suka yi ƙwai suka mutu, haka haka, kowane zubi na bazara sati 2 zuwa 6 kawai yake yi a duniya. Sai zubin ƙarshe da aka ƙyanƙyashe ƙarshen bazara, shi jikinsa yake dakatar da harkar haihuwa ya tara kitse, ya rayu wata 6 har zuwa 8 ko 9, shine mai dawowa, jikan jika ko fiye, ya zo kurmin da kakanninsa suka sauka ba wanda ya nuna masa hanya. Masu bincike sun gano da rana suke gane alƙibla, kuma akwai wani agogo a cikin 'yan siraran eriyoyi biyu na kansu da yake gyara musu lissafi yayin da rana ke tafiya. Oga yace to wannan ya bayyana kudu da arewa, amma ita bishiyar fa, wa ya gaya masa wannan ce? Matar ta yi dariya tace abinda suke nema shine wajen da ba ya daskarewa, ba iska mai ƙarfi, akwai danshi, rana kuma tana ratsowa ta tsakanin ganye, irin wajen kuwa ba shi da yawa a gaɓar.

Wajen ƙarfe 11 rana ta kai kan reshen. Da farko na saman curin ne suka fara buɗe fukafukai suna shanya su, launin reshen gaba ɗaya ya canja daga ƙasa-ƙasa zuwa ruwan goro, Umma tace kaman an shanya atamfa a bishiya. Sai ɗaya ya saki, biyu suka saki, can kawai wani ɓangare na curin ya fashe, ɗaruruwa suka tashi lokaci guda suka cika sararin da ke tsakanin bishiyoyi, kowa a dandamalin ya saki wata 'yar ƙara, 'yata ƙarama tana tsalle tana nunawa da hannu biyu, kakarta tace ke kishiya kar ki faɗa. In aka yi shiru har wani ɗan sauti kake ji, shaf shaf, na fukafukai. Ba sa tashi fir fir irin ƙananan da muka sani, sai su kaɗa sau biyu uku su saki jiki iska ta ɗauke su. Wasu suka sauko ƙasa kan ciyawa mai raɓa suna sha, wasu suka hau furen turaren, dan ita a lokacin sanyi take fure.

Maganar hoto kuwa, waya bata ɗauka, gaskiya kenan. Curin yana can sama sosai, in ka jawo shi da waya sai ya fito dishi-dishi. Dabarar da na ga wasu suna yi ita ce ɗora kyamarar waya a bakin na'urar hangen nesa in mai kula ya yarda, na gwada ya ɗan fito. Bidiyo ya fi hoto in sun tashi.

A gaban ofishin baƙi akwai ɗan lambu da suka shuka ciyawar da tsutsar monak take ci dan nuna wa mutane. Ita kaɗai take ci, uwar ma a kanta kaɗai take yin ƙwai. Umma tana ganin farin ruwa a inda wani ganye ya karye da wani kwanso da ya tsage audugarsa tana fita, tace wannan 'yar uwar tumfafiya ce. Na duba a waya, haka ne kuwa, dangi ɗaya suke. Kuma a wajenmu ma akwai ɗan uwan monak ɗin, wani ruwan goro mai baƙi da fari a ƙarshen fiffike, wanda tsutsarsa tumfafiya take ci, duk wanda ya yi wasa a kango yana yaro ya gan shi. Dafin da ke cikin farin ruwan nan tsutsar take tarawa a jiki, ya bi ta har ta zama malam buɗe littafi, shi yasa yawancin tsuntsaye in suka ɗanɗana sau ɗaya ba sa ƙarawa, launin nan mai haske ma gargaɗi ne. Daga wannan lokacin Umma ta daina ce musu ƙwaro, ta koma cewa bayin Allah.

Daga Santa Cruz muka hau hanya mai lamba 1 muka yi kudu, tafiyar kusan awa ɗaya, gonakin sitiroberi a Watsonville, tashar jiragen kamun kifi a Moss Landing, sai Monterey, sai Pacific Grove a manne da ita. Garin nan ya ɗauki malam buɗe littafi da zafi, hotonsa a allon shago, a ƙofar gida, a allon titi. Tun 1939 suke da dokar hana takura musu, yanzu tarar dala 1,000 ce, kuma duk Oktoba 'yan firamare suna yin fareti da fukafukai a baya dan yi musu maraba. A 1990 mutanen garin da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka yarda a ƙara musu haraji a sayi filin kurmin dan kar a yi gini a wajen. Da na faɗa wa yara maganar tara, babban ya sa hannuwansa biyu a aljihu bai ƙara fitarwa ba.

Wajen ƙarami ne ƙwarai, ta wani siririn lungu ake shiga a gefen wani masauki, in baka lura ba sai ka wuce, shiga kyauta. Mun iso bayan azahar sun riga sun watsu a sama, to ba mu ga curi manya irin na safe ba, amma a nan ne na fara ganinsu a kusa. Ɗaya ya sauka kan igiyar da aka kewaye hanya da ita ya buɗe fukafukai shar, wani dattijo mai kula da wajen ya nuna mana ɗigo baƙi ɗaya a kowane fiffiken baya, yace namiji ne wannan, macen bata da ɗigon kuma zanenta na baƙi ya fi kauri. Shi kenan yara suka samu sana'a, namiji, mace, namiji, har muka fita. Ya kuma ja mana kunne mu dinga duba ƙasa kafin mu taka, dan wanda sanyi ya kama ya faɗo ba ya iya tashi sai ya ji ɗumi, in ka gan shi kwance kar ka ɗauka matacce ne, kuma kar ka ɗauke shi da hannu, a Kalifoniya sai mai izini daga hukumar namun daji yake taɓa su, ka kira mai kula kawai. A nan ban da turare akwai itatuwan asalin yankin masu siraran ganye, har da barewa biyu suna kiwo a gefe ko kallo ba mu ishe su ba.

Shi dattijon ne ya gaya mana yadda ake ƙirga su, dan oga ya tambaya da sigar rashin yarda, yace abinda yake tashi wa zai ƙirga? Yace da sassafe ake zuwa tun ba su motsa ba. Mutum ya sa madubi ya ƙirga na wani ɗan yanki a curin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya auna yanki nawa irin wannan ne a curin duka ya ninka, ya kuma sa lissafin na ciki da na baya da ido ba ya kaiwa, abokin aikinsa shi ma ya yi nasa daban, in lissafin biyu ya yi kusa a ɗauki tsakiya, in ya yi nisa a sake. Haka 'yan sa kai suke yi a wurare sama da 200 a makonnin da ke kewaye da Thanksgiving, tun 1997, ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna Xerces, wadda sunanta ma na wani shuɗin malam buɗe littafi ne da ya ƙare ƙurmus a San Francisco a shekarun 1940 da gari ya cinye tudun yashin da yake rayuwa a kai. A 1997 sun ƙirga sama da miliyan 1.2, a shekarun 1980 kuma an ƙiyasta sun kai miliyan 4.5. A 2020 gaba ɗaya gaɓar ba su kai 2,000 ba, a kurmin Pacific Grove kuwa ko ɗaya ba a samu ba ranar ƙirge. Yace sun zo sun tsaya ƙarƙashin bishiyoyin nan da madubi ba komai. Sai 2021 suka dawo kusan 250,000. Ashe mu mun taki sa'a ne, shekarar da muka je daga baya aka sanar da sama da 335,000.

Muka kwana a wani ɗan otal a Monterey, wanda hitar ɗakin su Umma ta ƙi aiki sai da aka canja musu ɗaki da daddare, ba sai na ja wannan ba. Da asuba muka kama hanyar Pismo. Hanyar bakin ruwa ta Big Sur ta fi kyau amma doguwa ce mai kwana, kuma zaftarewar ƙasa tana yawan rufe ta, sai muka bi 101 ta cikin kwarin Salinas, gonakin latas iya ganinka, King City, Paso Robles, San Luis Obispo, awa biyu da rabi zuwa uku. A hanya ne da muka tsaya a wajen hutawar matafiya Umma ta sake tayar da rigimarta ta alƙibla, dan a Kalifoniya alƙibla kusan arewa take kallo, ta ɗan karkata gabas kaɗan, ita kuwa shekara da shekaru gabas ta sani, duk lokacin da oga ya juya mata dadduma da waya sai tace ka tabbata? Shi kuma yace Umma ku yi haƙuri haka take.

Pismo ita ce ta fi duka. Kurmin a bakin titi yake daf, tsakanin Pismo Beach da Grover Beach, ka yi fakin a gefen hanya ka taka 'yan taku ka shiga, ba ko sisi, ga layin dogo a tsallake. A wani allo sun rubuta adadin ƙirgen baya-bayan nan, sama da 20,000. A nan ba sai an nuna maka ba, curi ne ta ko'ina, wani ya fi tsawon mutum, kuma wasu sun sauko ƙasa-ƙasa yadda da ido ma kana rarrabewa. Mutane sun fi yawa, hayaniya ma ta fi, motocin yawon buɗe ido, masu manyan kyamarori sun kafa ƙafafu sun tare hanya, in natsuwa kake so Natural Bridges ta fi, in yawa kake so to nan ne. Ni dai da za a ce in zaɓi ɗaya in kai baƙo Pismo zan kai shi, amma da safe kafin cunkoso. Da rana ta yi zafi sama ta cika har inuwarsu tana gilmawa a ƙasa, ɗaya ya zo ya sauka a kafaɗar mayafin Umma, ta ƙame ƙam tana magana ta gefen baki, ku cire min shi kar a ci ni tara. Oga yace ai shi ya zo da kansa Umma, ba laifinku. Ya yi kusan minti ɗaya yana buɗewa yana rufewa kafin ya tashi, wannan hoton kam ya fito, shine har yau a fuskar WhatsApp ɗinta.

Ta bayan kurmin akwai 'yar hanya da ke bi ta tudun yashi ta fita teku, yara suka jiƙa wanduna, muka ci dafa-dukar da ta rage. Garin ya yi suna da wata miyar ƙumba mai madara da suke zubawa a cikin burodi, amma a tambaya kafin a saya dan sau da yawa ana sa naman alade a ciki, mu soyayyen kifi da dankali muka ƙara da shi. A tuna kuma a wannan lokacin kafin ƙarfe 5 rana ta faɗi, la'asar da magariba suna bin juna da sauri.

Tambayar da na yi ta yi wa masu kula a duk inda muka je ita ce me ya rage su haka, amsar kuma kusan iri ɗaya ce, ba abu ɗaya bane. Gine-gine sun cinye wasu kurmin, wasu bishiyoyin sun tsufa ko fari ya kashe su ko an sare su, maganin ciyawa ya rage abincin tsutsar a gonaki da gefen hanya, maganin ƙwari yana kashe su kai tsaye, ga zafi da fari da suke ƙaruwa. Ita kanta bishiyar turaren rigima ake a kanta, wasu na cewa baƙuwa ce, tana cin wuta, reshenta yana faɗowa, a sare ta a dasa 'yan ƙasa, wasu na cewa in ka sare yau ina za su sauka kafin sabuwar ta girma? Ni a ganina masu cewa a dasa na asalin a gefe a bar turaren har su kawo ƙarfi sun fi gaskiya. Nace to ni da nake da ɗan fili a gida me zan yi? Aka ce in kana zaune daf da gaɓa kusa da inda suke kwana kar ka shuka ciyawar tsutsar, tana ruɗa su su fara ƙwai ba lokacinsa ba, furanni masu zaƙi kawai za ka shuka. In kana can ciki kaman San Jose sai ka shuka ta asalin yankin mai siririn ganye wadda take bushewa da sanyi, ban da 'yar waje mai jan fure da bata mutuwa duk shekara, dan ita tana tara wata cuta da ke naƙasa musu fukafukai. Na shuka, ba feshi, shekarar farko ƙwarin ganye ne kawai suka ci moriyarta.

Bayan dawowarmu da 'yan makonni aka yi wasu manyan ruwa da iska a ƙarshen Disamba zuwa Janairun 2023, bishiyoyi suka yi ta faɗuwa a gaɓar, ƙirgen da aka sake yi wajen sabuwar shekara ya nuna fiye da rabi sun tafi. A 2023 an samu kimanin 233,000, sai 2024 abun ya sake rushewa zuwa 9,119 kacal, Pismo da muka gani da sama da 20,000 ta koma 'yan ɗaruruwa. A Disambar 2024 hukumar kifi da namun daji ta Amurka ta gabatar da shawarar a sa monak cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Saboda haka duk mai niyyar zuwa ya fara duba adadin wannan shekarar a shafin wajen ko ya buga musu waya kafin ya cika tanki, dan shekara da shekara ba ɗaya bane, kuma ranar da ake ruwa ko hazo ya rufe ba za su tashi ba. Wanda ya je ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu kuma lokacin barbara zai tarar, namiji yana kamo mace a sama su faɗo ƙasa tare, sai a ƙara kula da inda ake sa ƙafa.

Akwai wani babban kurmin a Goleta kusa da Santa Barbara, Ellwood, wanda wani manomi Ellwood Cooper ya dasa turarensa tun shekarun 1870, fari ya kashe bishiyoyi da yawa a ciki yanzu ana ta sake dashe. Daga Pismo kusan awa ɗaya da rabi ne, Umma da kanta tace a ƙarasa tunda an zo, amma ga aiki ranar Litinin ga cunkoson masu dawowa daga hutu a 101, oga yace sai dai in ni zan karɓi tuƙin har San Jose, ni kuwa bana tuƙin dare.